Haya ɗaya, masu karɓa biyu: yadda na kai kuɗin shagona ajiya a kotu

Ina sayar da kayan gini a Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura: siminti, kwanon rufi, ƙusa, fenti, da rodi idan an yi oda. Shaguna biyu ne a jikin wani gida, da sito a bayansu, kuma tun da na kama su mutum ɗaya na sani mai gida, wato Alhaji, Allah ya jiƙansa. Duk watan Janairu nake kai masa kuɗin shekara, naira dubu 600, ya sa a rubuta mini rasit, mu taɓa hira a zaure, in tashi. A ƙarshen 2022 Allah ya yi masa rasuwa.

Ko sadakar arba'in ba a yi ba, wani ɗan kasuwa da na sani sama-sama ya zo shago da takarda a cikin leda. Ya ce Alhaji ya sayar masa da gidan tun da ransa, ga sa hannunsa, ga na shaidu, saboda haka hayar bana shi zan ba. Bai ɗaga mini murya ba, cikin mutunci ya faɗa. Ba a jima ba babban ɗan marigayi ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya ce, "Baba, mun ji an zo maka da wata takarda. Mu dai ba mu san da wani ciniki ba, gida yana cikin gado. In lokaci ya yi, mu za ka ba." Na ce masa Allah ya kai mu lokacin. Abin da na gaya wa wancan ke nan shi ma.

Shawarar da maƙwabtana na kasuwa suka fara ba ni ita ce in riƙe kuɗina in yi shiru, in ma ci gaba da juya su har masu rigima su gaji. Janairu na kamawa sai ga takardu daga lauyoyi biyu, kowace ta ba ni wa'adi, kowace tana tuna mini cewa ɗan hayar da ya ƙi biya ana iya tashinsa. Na je wurin mai unguwa ko zai karɓi kuɗin a gaban shaidu ya ajiye. Ya ce, "Alhaji, da ba su kai kotu ba, da na shiga. Yanzu magana ta fi ƙarfin zaurena, in na karɓa ni ma na jefa kaina ciki." A bakinsa na fara jin cewa mai takardar ya riga ya shigar da ƙara a babbar kotu, yana neman a tabbatar masa da gidan.

Sai na nemi lauya. Abin da ya fara nuna mini shi ne girman hatsarin da nake ciki. In na ba magada, kotu ta ce gidan na mai takarda ne, zai iya bina kuɗinsa, tunda ya riga ya sanar da ni a rubuce; in na ba shi, ta ce na magada ne, haka. Wanda ya biya bashi ga wanda ba shi ne mai bashin ba, bashi yana nan a wuyansa. In kuma na riƙe, na zama mai cin haya a idon duk wanda ya yi nasara. Gaba kura, baya sayaki.

Na ce, "To Barista, me ya sa ba kotun shari'a aka je ba, tunda maganar gado ce?" Ya ce rabon gado aikin kotun shari'a ne, amma kafin a raba abu sai an san na mamaci ne. Gidan yana cikin gari, yana da takardar mallaka ta gwamnatin jiha, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba babbar kotu ne hurumin sauraron rigimar mallakar irin wannan fili. Ya kuma yi mini wata tambaya da ban ga amfaninta ba sai da ya bayyana: shi mai takardar, daga hannun wa ya ce ya saya? Na ce daga hannun Alhaji. Ya ce madalla. Dokar shaida ba ta yarda ɗan haya ya musanta mallakar wanda ya ba shi haya ba, amma ni ba musun Alhaji nake yi ba. Mutum biyu ne kowa yake cewa shi ya maye gurbinsa, ni kuma ban san wanda zan bi ba. Irin wannan hali doka ta tanadar masa hanya, lauyoyi suna kiranta intafilida: wanda yake riƙe da kuɗi ko kaya da mutum biyu ko fiye suke ja a kai ya roƙi kotu ta karɓa, ta sallame shi, su kuma su ƙarata a gabanta.

Ginshiƙin roƙon takardar rantsuwa ce, kuma abu uku dole su fito a cikinta. Cewa ba ni da wani haƙƙi a cikin kuɗin, in ban da abin da na kashe wajen kawo maganar kotu. Cewa ban haɗa baki da ko ɗaya daga cikinsu ba. Cewa a shirye nake in zuba kuɗin a kotu, ko in yi da su yadda ta umarta. Na biyun ne Barista ya fi tsananta mini tambaya a kai. Akwai wanda ya ce in zo kotu? Akwai wanda ya yi mini alkawarin ragi in na jinkirta? Ina bin wani daga cikinsu bashi, ko yana bina? Na tuna Alhaji ya taɓa karɓar kwanon rufi a wurina bai kai ga biya ba, na ce ko za a cire daga hayar. Ya ce a'a, da zarar na ce ina da kaso a cikin kuɗin, na tashi daga mai riƙon amana na koma ɗan rigima na uku. Bashin kwano a kai shi wurin magada daban, a fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin rabo, kamar sauran basussuka. Haka aka yi daga baya, kuma sun biya ba gardama.

Muka haɗa da yarjejeniyar haya, da tsofaffin rasit na hannun Alhaji, da takardun lauyoyin nan biyu, waɗanda su ne hujjar cewa da gaske ana ja, ba zato nake yi ba. Na sa hannu a gaban kwamishinan rantsuwa a rajistara, aka lissafa kuɗin shigar da takarda, na biya, aka buga hatimi. Masinjan kotu ya kai wa kowane ɓangare kwafinsa.

Nan ne abin ya fi yi mini nauyi, ba a kotu ba. Takarda na isa gidan marigayi magana ta zagaya unguwa cewa na kai marayu ƙara. Hajiya, uwargidan Alhaji, ta aiko wa maiɗakina cewa ba ta zaci haka daga gare ni ba, mutumin da Alhaji bai taɓa ƙara wa haya da tsiya ba. A wurinmu sammaci abin kunya ne, ba ruwan mutane da abin da aka rubuta a ciki. Bayan la'asar na je na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a soro, ta tsaya daga bayan ƙofa, tana cikin takaba. Na ce, "Hajiya, Allah shi ba ki haƙuri, ni ban kai ƙarar kowa ba. Kuɗi na kai. In sun zauna a hannuna, ni ɗan kasuwa ne, yau akwai gobe babu, in na mutu kuma wata rigimar ce tsakanin ɗiyana da naki. A can kuwa ba mai taɓa su, har ni da na kai." Ta yi shiru, can ta ce, "To Allah shi bayyana gaskiya." Ban ce ta gamsu ba a ranar. Amma washegari ɗanta ya zo ya ce lauyansu ya gaya musu ba za su yi jayayya da roƙona ba.

Ranar zama ban buɗe baki ba sai da aka tambaye ni sunana. Da Turanci ake yin komai, tafinta yana juya wa wanda ya nema. Barista ya miƙe ya gabatar da roƙon a taƙaice, mai shari'a ya tambayi lauyoyin biyu ko suna da ja. Ba wanda ya ja a kan a karɓi kuɗin. Inda aka ɗan yi sa-in-sa shi ne inda za a ajiye su. Lauyan mai takarda ya nemi a sa su a asusun da ke kawo kuɗin ruwa da sunan Babban Rajistara na kotu, kamar yadda aka saba yi da manyan kuɗi. Lauyan magada ya juya ya yi raɗa da babban ɗan, ya miƙe ya ce su ba sa son a cuɗa musu gado da riba. Ɗayan bai matsa ba, ina jin shi ma wanda yake karewa ba zai so a ji shi yana neman ruwa a bainar jama'a ba. Aka ba da oda: in zuba hayar 2023 a asusun ajiya na kotu cikin wa'adin da aka yanka, in riƙa zuba ta kowace shekara har a gama shari'a, kada wani ɓangare ya sake nemana da maganar haya, kuma ba za a fitar da ko kwabo ba sai da umarnin kotu.

Biyan kansa ya faɗo cikin wahalar sauyin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da sababbin takardun naira suka yi wuya, tsofaffin kuma kowa yana tsoron karɓa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Maris cewa a ci gaba da amfani da su zuwa ƙarshen shekara. Bakin kowane banki cike yake da mutane tun asuba. Ni tsabar kuɗi ba ta shafe ni ba, daga asusuna za a tura, amma sai na shiga ciki, domin Barista ya hana ni turawa ta waya. Ya ce in karɓi lambar asusun a rubuce daga rajistara, in cika tela, wato takardar zuba kuɗi ta banki, da hannuna, in rubuta lambar shari'ar a jiki, in tabbatar an buga hatimin banki. Ya ƙara da cewa, "Alhaji, wannan kuɗin kada ka damƙa wa kowa a hannu ya biya maka. Ko ni kada ka ba ni."

Akwai bambancin da ya kamata mai zuwa ya riƙe. Kuɗin shigar da takarda kuɗin shiga ne na gwamnati, in ya tafi ya tafi. Kuɗin ajiya kuwa ba na gwamnati ba ne, na wanda zai yi nasara ne, asusunsa daban, rasit ɗinsa daban. Tela ta banki kaɗai ba ta isa ba. Sai na koma da ita wurin kashiya, aka duba an ga shigar kuɗin, aka yanka mini rasit na kotu, aka sa kwafi a fayil. Sannan Barista ya rubuta sanarwar cewa an biya, aka kai wa lauyoyin biyu. Na kuma biya aka ba ni kwafin odar mai hatimi. Oda da tela da rasit na yi musu hoto a waya, na buga kwafi na ajiye a shago, na asalin suna gida. Daga ranar wanda duk ya taso da maganar haya, takarda nake miƙa masa, ba na ƙara ko kalma. Sau ɗaya wani ƙanen mai takardar ya zo yana hura hanci, ya karanta odar, ya sayi ƙusa ya tafi.

A bencin rajistara na gane ba irin nawa kaɗai ke kawo kuɗi kotu ba. Na zauna kusa da wani ɗan kwangila da ake bi bashi. Shi ya yarda da wani ɓangare, yana musun sauran, sai ya kawo abin da ya yarda da shi ya zuba. In mai ƙara ya karɓa, magana ta mutu. In ya ƙi, aka je ƙarshe bai samu fiye da haka ba, zai iya kwana da kuɗin shari'ar da aka kashe daga baya. Wani kuma an riga an yanke masa hukunci ya ɗaukaka ƙara, aka ce ba za a dakatar da zartarwa ba sai ya ajiye kuɗin hukuncin a kotu, don kada a je a dawo a tarar babu komai. Kowa da dalilinsa, amma asusun yana yi musu aiki ɗaya: raba kuɗin da hannun da zai iya cinye su kafin a san mai su.

Na ba malaminmu na zaure labari, ina tsammanin zai ce wannan tsarin Nasara ne. Ya yi dariya ya ce in je in tambayi alƙalan kotun shari'a abin da ake kira tauƙifi. A Tuhfa ta Ibn Asim, wadda suke hukunci da ita, akwai fasali guda a kansa: abin da ake rigima a kai, in yana kawo kuɗi kamar gidan burodi ko injin niƙa, a tsare abin da yake kawowa, in gona ce, a hana nomanta, in dabba ce ko kaya, a sa a hannun amintacce, in kuma abu ne mai saurin lalacewa, a sayar a tsare kuɗinsa. Wannan na ƙarshen ya daɗe yana yi mini yawo a kai, domin malaman da suka rubuta shi sun ɗauka cewa in an mai da kaya kuɗi an tsirar da su daga lalacewa. A zamaninsu dinari ne da dirhami.

Mu kuwa naira muka ajiye. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ni da nake sayar da siminti na ga abin da idona: buhun da na sayar lokacin da na zuba kuɗin, kafin shekara ta zagayo ya ninka. Dubu 600 ɗin suna nan a asusu, ko kwabo bai ɓace ba, amma ginin da za su yi ya ragu da kusan rabi. Kotu adadi aka ba ta, adadi kuma ta tsare. A ganina, a gari irin namu da mutane ke gudun riba da gaskiya, ya kamata lauyoyi su riƙa roƙon a sa irin wannan ajiya a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, tunda akwai su tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, a asusun da ake juya kuɗi a raba riba ta halal. Ba zai kamo hauhawar farashi ba, amma ya fi kwanciya haka kawai. A ranar zamanmu zaɓi biyu kaɗai aka ambata, ruwa ko babu.

Shari'ar gidan kuwa ta ja. Shekarar zaɓe ce, alƙalai da yawa a faɗin ƙasa an tura su kotunan sauraron ƙarar zaɓe. Sai dogon hutun kotu na damina. Sai shaida ɗaya ya yi tafiya, ɗaya ya kwanta rashin lafiya. Yau wannan lauya ya nemi a ɗage, gobe wancan. Ni dai an riga an sallame ni, labari kawai nake ji. Janairun 2024 na sake cika tela, na sake karɓar rasit. Gaskiya ta biyun ta zo mini da sauƙi, har na ji nauyin hakan, domin maƙwabtana duk an ƙara musu haya, ni kuwa ba wanda yake da ikon ƙara mini tunda ba a san mai gida ba. A duk wannan rigimar, in akwai wanda jinkiri ya yi wa rana, ni ne. Rufin sito da ya fara yoyo ma ni na gyara da kuɗina, na ajiye rasit, don ba wanda zan kai wa kuka.

Abin da ya kawo ƙarshenta ba hukunci ba ne. Da aka fara jin shaidu, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu ya ce shi abin da ya sani, Alhaji kuɗi ya karɓa lokacin da wani kaya ya maƙale masa, ya ba da takardar gida a riƙe, da sharaɗin in bai biya ba zuwa wani lokaci gida ya zama sayayye. Jingina ce ko ciniki? Lauyoyi za su iya shekara suna ja a kan wannan. Dattawan ɓangarorin biyu suka ga kowa yana asara, suka zauna. Aka daidaita cewa magada za su mayar wa mutumin kuɗinsa da wani abu a kai da aka kira ihsani, gida ya koma cikin gado. Aka rubuta sharuɗɗan, kowa ya sa hannu, aka kai kotu ta mai da su hukuncinta, wajen ƙarshen 2024.

Fitar da kuɗin ya fi shigar da su tsauri, kuma haka ya dace. Sai da hukuncin ya ambaci adadin da sunan wanda za a ba, aka rubuta takardar nema ga Babban Rajistara, aka haɗa da kwafin hukunci mai hatimi, da shaidar mai karɓa, da lambar asusunsa. Aka nemi lambobin rasit, babban ɗan ya zo shago ya karɓi kwafin nawa guda biyu, domin na lauyansu ɗaya ya shige cikin takardu. Naira miliyan 1 da dubu 200 suka fita cif, aka tura wa mai takarda a matsayin kason farko na abin da yake bi. Sauran magada suka cika daga kuɗin wata gona da suka sayar a hanyar Batsari. Daga nan ne suka tafi kotun shari'a aka raba abin da ya rage, Hajiya ta samu tumuninta, shagunan suka faɗo a rabon 'ya'ya mata biyu.

Su suka wakilta yayansu ya zo mu rubuta sabuwar yarjejeniya. Ya ce, "Baba, ka san yadda abubuwa suka koma." Na ce na sani, ni nake sayar da siminti. Aka kai hayar naira miliyan ɗaya, aka cire mini kuɗin gyaran rufi a shekarar farko. Na roƙi Barista ya ƙara layi biyu: sunan asusun da zan riƙa biya, da kuma cewa in aka sayar da shagunan ko aka jinginar, sai masu su sun sanar da ni a rubuce, da sa hannunsu su biyun, kafin watan biya ya kama.